Ciwon waswasi: abin da aka sani game da zaburar da ƙwaƙwalwa ba tare da fiɗa ba

Zaburar da ƙwaƙwalwa ba tare da fiɗa ba hanya ce ta magani da ake amfani da maganaɗisu ko kuran mai rauni, daga wajen kai, don canza yadda wasu sassan ƙwaƙwalwa ke aiki. Ba a tsaga fata, ba a huda ƙoƙon kai, ba a kuma sa mutum barci. An fara amfani da ita a kan ciwon damuwa mai tsanani, daga baya likitoci suka gwada ta a kan ciwon waswasi, wanda ake rubutawa TOC a takardun likita na Faransanci. A shekarar 2018 ne hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izini na farko na amfani da na'urar maganaɗisu ga masu wannan ciwo. Duk da haka ana ɗaukar ta a matsayin ƙari kan maganin asali, ga wanda ƙwayoyi da horon ɗabi'a ba su wadatar ba, kuma bakin masana bai zo ɗaya ba kan girman amfaninta.

Mene ne ciwon waswasi

Ciwon yana da fuska biyu. Ta farko ita ce tunani mai naci, wanda ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, yana tayar masa da hankali: tsoron ƙazanta ko najasa, kokwanton ko an rufe ƙofa ko an kashe gas, tsoron cutar da ɗansa, ko mummunan tunani game da addini wanda shi kansa yake ƙyama. Ta biyu ita ce aikin dole, wato abin da yake maimaitawa don tsoron ya kwanta: wanke hannu har fata ta tsage, komawa duba ƙofa sau goma, ƙidaya a zuci, jera kaya a tsari ɗaya, ko tambayar mutanen gida abu guda safe da yamma. Sauƙin da aikin ke kawowa ba ya daɗewa. Tunanin yakan dawo, sai a sake.

Kowa yakan yi kokwanto wani lokaci. Likitoci suna kiran abin ciwo idan yana cin fiye da awa ɗaya a rana, ko yana hana mutum aiki, karatu, ko zaman iyali. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa mutum 1 zuwa 3 cikin 100 na kamuwa da shi a tsawon rayuwa. Yawanci yakan fara a ƙuruciya ko farkon girma, kusan shekara 20, kuma yakan fi saurin bayyana ga yara maza. Yana bin dangi, kuma ga wasu mata yakan tashi lokacin ciki ko bayan haihuwa. Mafi yawan masu shi sun san tunanin ba shi da tushe, abin da ya bambanta shi da hauka. Wannan sanin ne ma ke ƙara masu kunya, har wasu su yi shekaru suna ɓoyewa.

Ana auna nauyinsa da ma'aunin Y-BOCS, wanda Wayne Goodman da abokan aikinsa suka wallafa a 1989. Tambayoyi 10 ne, maki daga 0 zuwa 40. Daga 16 zuwa 23 matsakaici ne, daga 24 zuwa 31 mai tsanani, daga 32 zuwa sama mafi tsanani. Da wannan ma'auni ake gane ko magani ya yi aiki.

Waswasi a ibada

A ƙasashen Musulmi ciwon yakan fito ta wajen tsarki da salla: mutum ya ƙarar da buta uku a alwala ɗaya, ya yi ta sake kabbarar harama har liman ya yi ruku'u, ko ya daɗe a makewayi yana kokwanton ko ɗigon fitsari ya taɓa tufafinsa. Malaman da suka gabata sun san wannan hali. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi bayanin waswasi a matsayin larurar da ake yi wa magani a cikin littafinsa kan lafiyar jiki da ta rai. A fiƙihun Malikiyya kuma, a littattafai irin su Risala da Ahalari da ake karantawa a zaurukan Maraɗi, Damagaram da Tawa, an ware hukunci na dabam ga wanda kokwanto ya aura: ba a neman ya riƙa biye wa kokwanton yana sake abin da ya riga ya yi. Wannan hukunci ya yi daidai da abin da likitoci ke koya wa mara lafiya a yau, cewa biye wa waswasi ne ke ciyar da shi.

A Turai, likitocin Faransa na cikin waɗanda suka fara siffanta shi. Esquirol ya kawo labarin wata mara lafiya a 1838, Pierre Janet kuma ya wallafa babban aikinsa a kai a 1903.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa

Tun daga shekarun 1980 hotunan ƙwaƙwalwa suka nuna cewa wata da'irar jijiyoyi tana aiki fiye da kima ga masu waswasi. Da'irar ta tashi daga sashen gaba da ke bisa ramin idanu da wani sashe na tsakiya mai suna singula, ta gangara zuwa striyatom da talamus a can ciki, sa'an nan ta komo gaba. Aikinta ga mai lafiya shi ne ta yi ƙararrawa idan akwai kuskure ko haɗari, ta kuma yi shiru idan an gyara. Ga mai waswasi ƙararrawar ba ta yin shiru: hannu ya wanku, amma saƙon cewa aiki ya kammala bai iso ba.

A 1992 Lewis Baxter da abokan aikinsa a Jami'ar Kaliforniya ta Los Anjeles sun nuna cewa aikin wani ɓangare na wannan da'ira yana raguwa ga waɗanda suka samu sauƙi, ko da ƙwaya suka samu ko da horon ɗabi'a. Daga nan tunanin ya taso: idan da'irar ce matsala, ana iya taɓa ta kai tsaye. Sassan can ciki sun yi wa na'urar waje nisa, amma ana iya kaiwa ga sassan sama da ke haɗe da su, kamar mai jan igiya daga bakin rijiya.

Maganin da ake fara yi

Kafin a yi zancen na'ura, akwai magani iri biyu da aka tabbatar. Na farko ƙwayoyi ne masu aiki a kan sinadarin serotonin, irin su fluoxetine, sertraline, paroxetine, fluvoxamine, da kuma clomipramine wanda aka fi sani da Anafranil. Clomipramine da fluoxetine suna cikin jerin muhimman magunguna na Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS. A ciwon waswasi ana yawan buƙatar adadi mai yawa fiye da na ciwon damuwa, kuma sai an yi mako 8 zuwa 12 ana sha kafin a yanke hukuncin ko ya yi aiki. Da yawa sukan daina bayan mako biyu ko uku, su ce bai karɓe su ba, alhali lokacinsa bai yi ba.

Na biyu horon ɗabi'a ne, wanda Victor Meyer ya fara bayyanawa a Landan a 1966. Ana sa mara lafiya ya fuskanci abin da yake tsoro sannu a hankali, ba tare da ya yi aikin dole ba. Mai tsoron ƙazanta zai taɓa hannun ƙofa ya zauna bai wanke hannu ba, har tsoron ya sauka da kansa. Da maimaici ƙwaƙwalwa takan koyi cewa ba abin da zai faru.

Ko da an bi waɗannan hanyoyi yadda ya kamata, kimanin mutum 4 zuwa 6 cikin 10 ba sa samun sauƙin da ya wadatar daga maganin farko. Likita kan canza ƙwaya, ya ƙara wata, ko ya haɗa da horo. Waɗanda ciwon ya ƙi sakin su bayan duk wannan su ne ake tunanin zaburar da ƙwaƙwalwa dominsu.

Zaburarwa da maganaɗisu

Hanyar da aka fi bincike a kanta ita ce ta maganaɗisu, wadda ake taƙaitawa TMS, ko rTMS idan ana maimaita bugun. Tushenta ƙa'idar da Michael Faraday ya gano ce a 1831: maganaɗisun da ke canzawa da sauri yana haifar da kuran a cikin abin da ke kusa da shi. Ana ɗora naɗaɗɗiyar wayar tagulla a kan kai, a saki kuran mai ƙarfi a cikinta na ɗan ƙyaftawar ido. Wannan ya haifar da maganaɗisu mai ƙarfi kusan na na'urar hoton IRM, wanda ke ratsa fata da ƙashi ba tare da ya ji masu ba, ya tayar da ɗan kuran a cikin ƙwayoyin jijiya har su harba saƙo.

Likitan Faransa Arsène d'Arsonval ya lura tun 1896 cewa wanda ya sa kansa cikin babban maganaɗisu yakan ga walƙiya a idanunsa. Amma na'urar zamani ta farko Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka nuna ta a birnin Shefild na Ingila a 1985, inda suka ɗora ta a kan sashen motsi sai hannun mutum ya motsa. A 2008 Amurka ta amince da ita ga ciwon damuwa.

Saurin bugu yana da muhimmanci. Bugu ɗaya a daƙiƙa yakan rage kuzarin sashen da aka nufa, bugu 5 zuwa 20 a daƙiƙa kuma yakan ƙara shi. Siffar wayar ma haka. Wadda aka saba da ita, mai siffar lamba 8, tana kaiwa zurfin santimita 2 ko kusa da haka, a ɗan ƙaramin wuri. Akwai kuma wadda aka saka cikin hular kwano irin ta ƴan kabu-kabu, mai suna H7, wadda ke kaiwa ƙasa kaɗan fiye da haka kuma take rufe wuri mai faɗi. Ita ce ake kira zaburarwa mai zurfi.

A ciwon waswasi an gwada wurare huɗu: gefen goshi na dama ko hagu, sashen shirya motsi da ke tsakiyar kai ta sama, sashen da ke bisa ramin idanu, da tsakiyar goshi tare da singula. Gwaji na farko Benjamin Greenberg ne ya yi shi a Amurka a 1997, a kan mutum 12.

Yadda zaman magani yake

A tsarin da Amurka ta amince da shi, mara lafiya yana zama a kujera idonsa biyu, da abin toshe kunne, domin na'urar tana ƙara mai ƙarfi. A rana ta farko ana neman ƙarfin da ya dace da shi: ana ƙara bugu a kan sashen motsi har ƙafarsa ta ɗan motsa, wannan ƙarfin ne ake amfani da shi. Daga nan a matsar da hular gaba.

Kafin a kunna na'ura, ana ɗaukar ƴan mintoci ana tayar masa da waswasinsa da gangan. Tun farko shi da likita sun tsara jerin abubuwan da ke tayar masa da hankali. Mai tsoron ƙazanta za a iya miƙa masa abin da yake ƙyama, mai kokwanto a tambaye shi ko ya tabbata ya rufe gida. Manufar ita ce da'irar waswasi ta kasance a farke lokacin da bugun ya same ta.

Bugun yana zuwa sau 20 a daƙiƙa na tsawon daƙiƙa 2, a huta daƙiƙa 20, a sake, har sau 50. Jimilla bugu 2,000 ke nan cikin minti 18 da ƴan kai. Ana yin haka kwana 5 a mako har mako 5, sai kwana 4 a mako na 6, zama 29 gaba ɗaya. Bayan kowane zama mutum yana tashi ya koma harkarsa. Ba a dakatar da ƙwayoyin da yake sha.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin da izinin Amurka ya dogara a kai Lior Carmi da abokan aikinsa ne suka gudanar, a cibiyoyi 11 na Amurka, Isra'ila da Kanada, aka wallafa shi a 2019. Mutum 99 ne suka shiga, dukansu sun sha magani bai wadatar ba. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu suka samu bugu na gaske, wasu na ƙarya, wato na'urar da ke ƙara amma ba ta kai ga ƙwaƙwalwa, kuma ba mara lafiya ko mai aunawa da ya san wanne ne wanne. Bayan mako 6, kashi 38 cikin 100 na masu bugun gaske sun samu raguwar ciwo da aƙalla kashi 30 cikin 100, a ɗaya gidan kuwa kashi 11 ne kawai. Bayan wata ɗaya adadin ya kai kashi 45 da kashi 18.

Waɗannan alƙaluma suna da fuska biyu. Ga mutanen da suka daɗe suna shan wahala, bambancin 38 da 11 ba ƙarami ba ne. Amma fiye da rabi ba su kai ga ma'aunin sauƙi ba, kuma sauƙin ba warkewa yake nufi ba. A matsakaici makin Y-BOCS ya sauka da 6 ga masu bugun gaske, da 3.3 ga sauran. Wanda ya fara da maki 28 ya sauka zuwa 22 ya fita daga mai tsanani ya koma matsakaici: wankan da ke ɗaukar masa awa biyu zai iya raguwa, ciwon kuwa yana nan. Kamfanin BrainsWay mai ƙera na'urar ne ya ɗauki nauyin gwajin.

FDA ta ba na'urar BrainsWay izini a watan Agusta na 2018, ta ba ta kamfanin MagVenture na Danmak a 2020. Rahoton da aka tattaro daga asibitoci 22 aka wallafa a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 58 cikin 100 na waɗanda suka kammala zama 29 sun samu sauƙi, sai dai a wannan rahoto babu rukunin bugun ƙarya da za a kwatanta da shi.

Sauran wuraren bugu sun ba da sakamako mai karo da juna. Antonio Mantovani a Jami'ar Kolumbiya ta New York ya samu alamun amfani da bugu mai jinkiri a kan sashen shirya motsi, a 2006 da 2010. Amma gwajin da Antoine Pelissolo ya jagoranta a Faransa, wanda aka wallafa a 2016, bai ga bambanci tsakanin bugun gaske da na ƙarya a wannan wuri ba. Wani gwaji da aka yi a Poitiers aka wallafa a 2019, da wani salon bugu mai gajeren lokaci, shi ma haka ya ƙare. Idan aka haɗa gwaje-gwajen duka, bugun gaske yakan fi na ƙarya, amma yawancinsu ƙanana ne, kowanne da tsarinsa, kuma kaɗan ne suka bi marasa lafiya na tsawon watanni.

Shi ya sa hukumomi suka bambanta. A 2020 hukumar NICE ta Birtaniya ta ce ba ta ga babbar matsala ta fuskar haɗari ba, amma hujjar amfani ba ta isa ba, don haka a taƙaita amfani da hanyar ga ciwon waswasi a cikin bincike kawai.

Zaburarwa da kuran mai rauni

Hanya ta biyu ita ce tDCS. Ana ɗora soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri a wurare biyu na kai, a bi da kuran na miliyampa 1 zuwa 2 tsakaninsu na minti 20 zuwa 30. Kuran ne kaɗan ƙwarai, wanda ƙaramin batir zai iya bayarwa. Ba ya sa ƙwayoyin jijiya su harba saƙo kamar maganaɗisu, yana dai sauƙaƙa masu harbawa ko ya tsaurara, gwargwadon sandar da ke wurin. Michael Nitsche da Walter Paulus na Jami'ar Gottingen a Jamus ne suka farfaɗo da hanyar a shekarar 2000.

An gwada ta a kan waswasi a Lyon ta Faransa, a cibiyar NIMHANS ta Bangalor a Indiya, da Sao Paulo ta Brazil. Kowane gwaji mutum ƴan gomomi ne, wasu sun ga amfani, wasu ba su gani ba, kuma ba a daidaita kan inda ya fi dacewa a ɗora sosunan ba. FDA ba ta amince da ita ga ciwon waswasi ba. Abin da ya sa ake sa mata ido shi ne arha da sauƙin ɗauka, wanda zai dace da ƙasashen da kuɗi da wutar lantarki ke da wuya idan amfaninta ya tabbata.

Akwai kuma kuran mai kai da komo, wanda ake daidaita shi da kaɗawar ƙwaƙwalwa. Masu bincike a Jami'ar Boston sun ba da rahoto a 2021 cewa kwana 5 na wannan ya rage halayen waswasi har wata 3, amma a kan masu sa kai ne, ba marasa lafiyar da likita ya tabbatar da ciwonsu ba.

Illoli da waɗanda bai dace da su ba

Illar maganaɗisu da aka fi gani ita ce ciwon kai da zafi a wurin bugu, sai motsin tsokar fuska ko muƙamuƙi lokacin zaman. Yawanci sukan ragu bayan makon farko. Ba a san shi da ɓata tunani ko sa mantuwa ba. Haɗari mafi girma shi ne farfaɗiya a lokacin bugu, wadda ke samun ƙasa da mutum 1 cikin 1,000 idan an bi ƙa'ida. Abubuwan da ke ƙara wannan haɗari sun haɗa da tarihin farfaɗiya, tsohon rauni a kai, rashin barci, shan giya, da wasu ƙwayoyi. Tramol na cikinsu, haka ma clomipramine da wasu masu waswasi ke sha. Dole ne likita ya san duk abin da mutum ke sha, har wanda ya saya a kasuwa.

Ba a yi wa wanda ke da ƙarfe a cikin kai ko kusa da shi: na'urar ji da aka dasa a kunne, maƙalar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ɓarɓashin harsashi. Cikon haƙori ba ya hanawa. Mai na'urar bugun zuciya da mace mai ciki sai likita ya auna lamarinsu. Izinin Amurka na manya ne.

Kuran mai rauni yakan kawo ƙaiƙayi, jan fata, wani lokaci ƙuna idan soso ya bushe. Ana sayar da irin waɗannan na'urori a intanet da alkawura masu yawa. Ɗora su a gida ba tare da likita ba yana iya ƙona fata ko zaburar da sashen da bai kamata ba. Sa wa kai kuran gida ko na batirin mota kuwa yana iya kisa.

Bambancinta da wasu hanyoyi

Mutane sukan rikita ta da jijjigar lantarki, wadda Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara a Roma a 1938. A wannan ana sa mutum barci, a tayar masa da gajeriyar farfaɗiya da gangan. Tana da amfani sosai a ciwon damuwa mai tsanani, amma ba a ɗauke ta maganin waswasi kansa ba.

Akwai kuma zaburarwa ta ciki, wadda fiɗa ce: ana huda ƙoƙon kai a dasa siraran wayoyi can cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa su da batir a ƙarƙashin fatar ƙirji. Bart Nuttin ya fara yin ta ga masu waswasi a Leuven ta Beljiyam a 1999, Luc Mallet da abokan aikinsa a Faransa suka wallafa gwajinsu a 2008, Amurka ta ba ta izini na musamman a 2009. Ana ajiye ta ga ƴan kaɗan da ciwonsu ya fi tsanani kuma komi ya gaza, saboda haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta.

Ga mara lafiya da iyalinsa

Na'urorin maganaɗisu suna da tsada, suna buƙatar kuran da ba ya yankewa da ma'aikaci mai horo, kuma an fi samun su a manyan biranen Turai, Amurka da Asiya. Iyalin da ke tunanin kai mara lafiya waje su sani cewa zaman mako 6 ne a jere, kuɗin magani da masauki na iya kaiwa miliyoyin sefa, kuma ko a gwajin da ya fi nasara fiye da rabin mutane ba su samu sauƙin da ake nema ba. Wasu da suka samu sauƙi sukan buƙaci ƙarin zama daga baya.

Kafin a sayar da gona ko dabba, akwai tambayoyin da suka kamata a amsa tare da likita. Shin likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar cewa waswasi ne? An sha aƙalla ƙwaya iri biyu, kowace a cikakken adadi na mako 12? An gwada clomipramine? An yi horon fuskantar tsoro a hannun wanda ya iya? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, nan ya kamata a fara, domin waɗannan sun fi arha kuma hujjarsu ta fi ƙarfi. Idan kuma an isa cibiyar da ke da na'ura, ya dace a tambayi wace irin waya za a yi amfani da ita, wane sashe za a buga, zama nawa, da ko za a auna Y-BOCS kafin farawa da bayan gamawa.

A Nijar ana iya farawa daga likitar unguwa a nemi takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti, kamar Pavillon E na Asibitin Ƙasa da ke Yamai. Mutanen gida ma suna da rawar takawa. Zagi da gori ba sa rage waswasi, haka nan taya mutum ɗibar ruwan alwala ta biyar ko amsa masa tambaya ɗaya sau ashirin yana ƙarfafa ciwon. Likita ko masanin halayyar ɗan Adam zai iya tsara wa iyali yadda za su janye wannan taimako sannu a hankali. Ciwon damuwa yakan biyo bayan waswasi, saboda haka wanda ya fara zancen ya gaji da rayuwa a kai shi asibiti a ranar, ba tare da jiran ranar ganin likita ba.